Yadda Tsohon Soja Mai Kula da Netwok Zai Gyara CV Ɗinsa Don Neman Aikin Farar Hula

Sojan da ya yi shekaru yana kula da sadarwar kwamfutoci, a bariki ko a bakin daga, yakan fito da gogewar da ba kowane ma'aikacin kamfani ke da ita ba. Ya kafa netwok a inda wutar lantarki ba ta tsayawa, ya gyara layin da ya yanke da tsakar dare, kuma ya yi aikin yana sane da cewa idan sadarwa ta katse rayukan mutane ne ke cikin haɗari. Duk da haka sai ka ga ya aika CV wurare da dama, shiru kake ji. Galibi matsalar a takardar take. Wanda zai fara karanta ta bai taɓa sa kaki ba, bai san girman bataliya ba, bai san nauyin da ke wuyan saje ba, kuma gabansa akwai tarin wasu takardun. Abin da bai gane ba tsallake shi yake yi.

Don haka aikin da ke gabanka guda ne: ka sa farar hular da ke neman mai kula da netwok ya gane, cikin ɗan lokaci, irin netwok ɗin da ka riƙe, girmansa, da abin da ya gyaru a hannunka, ba tare da ka tona asirin aiki ko ka ƙara gishiri ba. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Tattara komai kafin ka rubuta komai

Kada ka fara da buɗe tsohuwar CV kana gyara jimloli. Ɗauki takarda ta daban wadda ba za ka aika wa kowa ba, ka zuba duk abin da ka yi. A kowane wuri da aka tura ka, ka amsa waɗannan: mutum nawa ke amfani da netwok ɗin? Wurare nawa ya haɗa? Rawuta (router) da suwic (switch), wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, da saba (server), wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, nawa ne a hannunka, kuma na wane kamfani, Cisco ne, Juniper ne, ko HPE Aruba? Wace manhaja kuke sa ido da ita, SolarWinds, PRTG, Nagios, Zabbix? Mutum nawa ke ƙarƙashinka? Wane aiki ka karɓa a lalace ka miƙa shi a gyare?

Ƙwaƙwalwa kaɗai ba za ta wadatar ba. Nemo rahotannin tantance aiki da shugabanninka suka rubuta a kanka, takardun yabo, da satifiket na kwasa-kwasan da ka yi. A cikinsu ne za ka tarar da alƙaluman da ka manta. Wanda ya yi aiki a sojan Amurka yana da takardar sallama ta DD-214, kuma a mafi yawan rassan sojan akwai kundin horo da ake kira Joint Services Transcript, wanda ke jera kwasa-kwasan soja tare da kimarsu a ma'aunin karatun jami'a. Idan rundunarka tana da irin wannan kundin, ka nemo shi. Idan har yanzu kana cikin kaki, ka karɓi kwafinsu tun kafin ka fita, domin neman takarda bayan an sallame ka ya fi wahala nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Karanta tallan aiki da biro a hannu

Zaɓi tallace-tallacen aiki kamar biyar na irin gurbin da kake so. Ja layi ƙarƙashin duk abin da ke maimaituwa. Za ka ga wasu sunayen ƙa'idojin sadarwa da manhajoji suna dawowa: VLAN, OSPF, BGP, VPN, DHCP, DNS, katangar tsaro ta Palo Alto ko Fortinet, Active Directory, wani lokaci AWS ko Azure, wato hidimar hayar kwamfutoci ta intanet ta Amazon da ta Microsoft. Waɗannan su ne kalmomin da za a nema a takardarka. Kwatanta su da abin da ka tattara a mataki na farko, ka raba gida uku: abin da ka yi da hannunka sosai, abin da ka taɓa kaɗan, da abin da ba ka sani ba. Kashi na farko shi ne ƙashin bayan CV ɗinka. Na uku kuma shi ne jadawalin karatunka.

Mataki na 3: Gyara sunan muƙami

Lambar sana'a ta soja ba ta gaya wa farar hula komai. A sojan ƙasa na Amurka, 25B na nufin ƙwararre kan fasahar sadarwar kwamfuta, amma ma'aikacin sashen ɗaukar aiki ba lallai ya san haka ba. Haka ma wanda ya fito daga rundunar sigina ta Birtaniya, ko ta kowace ƙasa. Rubuta sunan aikin yadda kamfanoni ke kiransa, sannan rundunar da shekarun. Misali: Mai Kula da Netwok, Rundunar Sojan Ƙasa, 2016 zuwa 2022. Idan kana son ambaton muƙaminka na soja, sa shi a layi na biyu.

Shafin O*NET na Ma'aikatar Ƙwadagon Amurka yana da sashe da za ka sa lambar sana'ar soja ya nuna maka ayyukan farar hula da suka yi daidai da ita. Ko ba a Amurka ka yi aiki ba, bayanin da ya yi wa aikin mai kula da netwok da kwamfutoci, mai lamba 15-1244.00, zai nuna maka yadda ake siffanta wannan sana'a a waje.

A nan akwai jaraba, kuma ina gargaɗi a kanta. Kada ka ɗaga kanka zuwa injiniyan tsara netwok ko daraktan fasaha don kawai sunan ya fi daɗin ji. Idan aikinka kula da netwok ɗin da wasu suka tsara ne, to kai mai kula ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Minti goma na intabiyu da injiniya na gaske sun isa su tona sunan aro.

Mataki na 4: Mayar da jerin ayyuka zuwa jerin sakamako

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne CV ɗin tsofaffin sojoji ta fi rauni. Soja ya saba da cewa mu. An koya masa cewa nasara ta runduna ce, kuma yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a CV tana cutarwa, domin kamfani ba rundunar zai ɗauka ba, kai zai ɗauka. Sai ka ga an rubuta: Na ɗauki nauyin kula da kayan sadarwa na bataliya bisa umarnin kwamanda. Jimlar gaskiya ce, amma ba ta ce komai ba. Kowa a wannan kujera zai iya rubuta ta, da wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya yi barci.

Kowane layi ya ƙunshi abu uku: me ka yi, da wane kayan aiki ko a wane girma, kuma me ya biyo baya. A ɗauka cewa alƙaluman da ke ƙasa naka ne, misali kawai nake bayarwa. Jimlar can ta sama za ta iya komawa haka: Na kula da netwok mai masu amfani 600 a wurare 4, da suwic 45 da rawuta 8 na Cisco. Yanzu mai karatu ya ga girman abin. Wani misalin: maimakon Na tallafa wa atisayen runduna ta fuskar sadarwa, sai ka ce: Na kafa netwok na wucin gadi mai haɗin tauraron ɗan'adam ga mutum 150 cikin awa 36, a wurin da babu layin intanet, kuma ya yi kwana 21 yana aiki. Ko kuma: Na raba netwok guda zuwa VLAN 12, abin da ya rage cunkoso ya kuma ware kwamfutocin baƙi daga na ma'aikata.

Lura cewa kalmar bataliya ta ɓace, adadin mutane ya maye gurbinta. Haka za ka yi da duk wani ma'aunin soja. Kwamanda ya zama shugaban sashe ko babban jami'i. Sojojin da ke ƙarƙashinka su zama ma'aikatan fasaha 6 da ka jagoranta. Kayan da ka sa hannu ka karɓa su zama kadarorin da aka damƙa maka, tare da kimarsu idan ka san ta tabbas kuma ba sirri ba ce. Gajerun haruffan da ake yi wa ofisoshi da na'urori a cikin runduna duk ka cire su. Waɗanda za ka bari su ne na sana'ar netwok da kowa ya sani, irin su OSPF da VPN.

Ka yi hattara da alƙaluman da ba ka auna ba. Mutane na son rubuta cewa netwok ɗinsu ya yi aiki ba yankewa kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Wannan na nufin duk katsewar da aka yi a shekara ba ta kai awa 9 ba. Kashi 99.99 kuwa ƙasa da awa ɗaya ne a shekara, kimanin minti 53. Wanda ya san aiki zai tambaye ka da me ka auna. Idan akwai rahoton manhajar sa ido da ya nuna haka, rubuta da ƙarfin gwiwa. Idan babu, bar shi, ka faɗi abin da za ka iya karewa: yawan na'urori, yawan mutane, tsawon lokacin da aiki ya ɗauka, yawan ƙorafe-ƙorafen da kuke rufewa a mako. Adadi ƙarami na gaskiya ya fi babba na ƙage amfani, domin za ka iya yin bayaninsa ido da ido.

Aikin da ya fi kusa, ba shi layi biyar ko shida. Wanda ya wuce shekara goma, layi biyu sun isa. Gadi, fareti, horon harbi, duk ka bar su a waje, sai dai idan gurbin da kake nema ya shafe su.

Mataki na 5: Tace sirri

Rantsuwar riƙe sirri ba ta ƙarewa ranar da ka tuɓe kaki. CV takarda ce da ke yawo: za ta shiga imel, ta zauna a rumbun kamfanoni, wataƙila ka ɗora irinta a LinkedIn inda kowa zai gani. Saboda haka bi ta layi-layi da wannan tambaya: idan wanda ke nufin rundunar da sharri ya karanta wannan, zai ƙaru da wani abu?

Abubuwan da ba su da gurbi a CV sun haɗa da sunan farmaki ko aikin da ba a bayyana wa jama'a ba, ainihin wurin da aka girke na'urori, tsarin adireshin IP, samfurin na'urorin ɓoye saƙo, raunin tsaro da ka gano a wani tsari, da adadin dakaru a wani wuri a wani lokaci. Kusan kullum akwai hanyar faɗin gwanintar ba tare da bayanin ba. Za ka iya cewa ka kula da netwok guda biyu da aka raba, ɗaya na bayanan sirri ɗaya na yau da kullum, bisa tsauraran ƙa'idojin tsaro. Wannan ya ishi kamfani ya gane cewa ka san rarraba netwok da bin doka. Idan adadi ne ke da haɗari, ka ce fiye da 500, ko ɗaruruwa. Idan kana shakka, kai wa jami'in tsaron bayanai na rundunarka ya duba kafin ka aika. Wasu hukumomin ma dokarsu ta wajabta hakan.

Batun izinin ganin bayanan sirri kuma ya danganta da inda kake nema. Kamfanonin da ke kwangila da ma'aikatar tsaro suna daraja shi ƙwarai, domin binciken da ake yi kafin a ba mutum yana cin lokaci da kuɗi. A Amurka matakan su ne Confidential, Secret da Top Secret, a Birtaniya kuma akwai SC da DV. Idan tallan aikin ya nemi izinin, kuma dokar ƙasarka ta yarda a ambata, sa shi a sama, ka faɗi ko yana aiki ko ya ƙare. Idan banki ko asibiti kake nema, ambatonsa a taƙaice ya isa. A shafukan da kowa ke gani kuwa, shawarata ka bar shi.

Mataki na 6: Satifiket da jerin ƙwarewa

Kwas ɗin soja, komai tsananinsa, kamfani ba shi da ma'aunin auna shi. Satifiket da kasuwa ta sani shi ne ke cike wannan giɓi. Ga mai kula da netwok, CCNA na Cisco ne aka fi tambaya. A watan Fabrairun 2020 aka haɗe rassansa zuwa jarrabawa guda mai lamba 200-301. Akwai kuma Network+ da Security+ na CompTIA, da JNCIA na Juniper, sai CCNP ga wanda ya yi nisa. Security+ yana da muhimmanci na musamman ga mai neman aiki da ma'aikatar tsaron Amurka ko 'yan kwangilarta, saboda ƙa'idar 8570 da magajiyarta 8140 da suka tsara cancantar ma'aikatan tsaron kwamfuta.

CCNA da waɗannan na CompTIA duk shekara uku suke yi kafin a sabunta. Rubuta shekarar da ka samu kowanne. Idan ya ƙare, ka ce ya ƙare, ko ka sabunta shi, domin ana iya tantancewa a intanet. Idan kana shirin jarrabawa, kana iya rubuta watan da ka sa ranar zama, muddin da gaske ka sa.

Kwasa-kwasan soja kuma kada ka zubar da su. Ka bayyana su da abin da aka koyar da tsawon lokaci: horon mako 20 kan kula da netwok da saba, misali, ya fi sunan makarantar runduna ma'ana ga mai karatu.

Jerin ƙwarewa ka kasa shi rukuni-rukuni, layi huɗu ko biyar: na'urori, ƙa'idojin sadarwa, tsaro, manhajojin sa ido da bincike irin su Wireshark, sai tsarin kwamfuta kamar Windows Server da Linux. Duk abin da ka sa a nan, ka ɗauka za a ba ka allo a ce nuna mana. Abin da ka gani sau ɗaya a aji ba ƙwarewa ba ne.

Mataki na 7: Toshe giɓin da aikin soja ya bari

Netwok ɗin runduna sau da yawa a rufe yake, kuma ana jinkirin sauya kayansa saboda dalilan tsaro. Kamfanoni kuwa da yawa sun kai wani ɓangare na aikinsu kan AWS ko Azure, suna amfani da SD-WAN wajen haɗa rassa, suna kuma sarrafa na'urori masu yawa lokaci guda da Python ko Ansible. Idan ba ka taɓa waɗannan ba, ba abin kunya ba ne, kuma ana iya rage tazarar a gida. Akwai manhajojin kwaikwayon netwok: Packet Tracer na Cisco kyauta ne ta hanyar makarantarsu ta intanet, GNS3 ma kyauta ne, EVE-NG kuma yana da sigar da ba a biya. Gina netwok na gwaji mai rassa uku, haɗa su da OSPF, sa VPN tsakani, rubuta ɗan shirin Python da ke adana saitin kowace na'ura. Sannan ka buɗe ƙaramin sashe a CV mai suna Ayyukan Gwaji, ka bayyana shi a layi biyu, ka faɗa a fili cewa gwajin gida ne. Mai ɗaukar aiki da ya ga haka ya san mutumin bai tsaya inda aka sallame shi ba.

Mataki na 8: Jagoranci, amma da hujja

Kusan duk tsohon soja yakan rubuta cewa yana da ladabi, juriya da iya shugabanci. Kalmomin sun sha jiki har ba a ganinsu. Nuna abin a aikace: ka horar da sababbin ma'aikata 10, ka rubuta littafin ƙa'idar aiki da aka ci gaba da amfani da shi bayan tafiyarka, ka tsara jadawalin aikin dare da rana na tawagar da ba ta rufewa. Rubuta takardun aiki da bin tsarin sauyi, wato kada a taɓa saitin na'ura sai da izini da shirin komawa baya idan abu ya ɓaci, ɗabi'u ne da soja ke da su a jini, kuma kamfanonin da ke bin ITIL, wato wani tsarin tafiyar da hidimar kwamfuta, nemansu suke yi. Lambar yabo kuma ka faɗi dalilinta. Sunanta kaɗai ba ya isar da komai, amma an ba ni lambar yabo saboda maido da sadarwar hedikwata cikin awa 3 labari ne cikakke.

Mataki na 9: Siffar takarda

Shafi ɗaya idan gogewarka ba ta kai shekara goma ba, biyu idan ta wuce. Fara da aikin da ya fi kusa ka koma baya. Kamfanoni da yawa suna zuba CV a manhajar tace masu nema, wadda ke karanta rubutun ta rarraba shi, kuma irin wannan manhaja takan rikice da tebur, ginshiƙai biyu, hotuna da rubutun da aka sa a kan shafi ko ƙasansa. Yi amfani da ginshiƙi guda da kanun da aka saba: Gogewa, Ƙwarewa, Satifiket, Ilimi. Aika ta a PDF ko Word, gwargwadon abin da tallan ya ce. Don gwaji, kwafe rubutun gaba ɗaya ka liƙa a Notepad. Idan ya fito a jere ana karantawa, to manhajar ma za ta iya.

Lambar soja, lambar shaidar ɗan ƙasa da cikakken adireshin gida ba su da aiki a nan. Hoto kuwa al'adar ƙasa ce: a Amurka da Birtaniya ba a sa shi, a Jamus an saba sawa. Inda ake sawa, ka sa na kayan gida.

Mataki na 10: Rubuta gabatarwa a ƙarshe

Layuka ukun da ke saman takarda su ne aka fi karantawa, shi ya sa ake barinsu sai an gama sauran. Su faɗi ko kai wane ne a sana'a, shekarunka a ciki, girman abin da ka riƙe, da satifiket ɗinka mafi ƙarfi. Misali: Mai kula da netwok mai gogewar shekara 8 a rundunar soja, na riƙe netwok na Cisco mai masu amfani fiye da 500 a wurare da dama, ina da CCNA da Security+. Sana'ar ce ta zo farko, soja ya biyo a matsayin wurin da aka yi ta. Wannan sashe da jerin ƙwarewa su ne za ka riƙa taɓawa duk lokacin da za ka nemi sabon gurbi, kana gabatar da abin da wannan tallan ya fi nanatawa.

Mataki na 11: Ba mutum biyu su karanta

Na farko ya zama wanda bai san komai game da soja ba. Ba shi minti ɗaya, karɓe takardar, ka ce ya gaya maka aikin da kake yi. Duk inda ya yi tuntuɓe, akwai sauran yaren bariki a wurin, sai ka koma ka gyara. Na biyu ya zama mai aikin netwok a kamfani, zai fi kyau idan shi ma tsohon soja ne da ya riga ka fita. Roƙe shi ya yi maka tambayoyi a kan kowane layi kamar yadda za a yi a intabiyu: me ya sa kuka zaɓi OSPF, yaya ka gano inda matsalar take, me ka yi da farko da layin ya yanke. Layin da ka kasa yin bayaninsa na minti biyu, ko dai ka koma ka tuna yadda aka yi, ko ka cire shi kafin ka aika.